Taki Don Furen Kallo

Bahaushe bai taɓa wasa da taki ba. Tun kafin a san takin zamani a ƙasar nan, manoman kewayen birnin Kano suke ɗora mangala a kan jakuna su shiga gari da itacen wuta, su fito da tokar murhu da kashin awaki da sharar gida, su kai gona su jibge tsibi-tsibi tun rani bai ƙare ba. Makiyayi kuwa in ya sauka da shanunsa a gonar mutum bayan girbi, har damin hatsi akan ba shi don ya daɗe, saboda abin da shanun za su bari a ƙasa. Duk wannan wahala dalilinta ɗaya ne, wato a cika rumbu. A tunanin da muka taso da shi, taki bashi ne da ake ba ƙasa, ita kuma ta biya da tsaba ko da kayan miya. Saboda haka in aka ce wa ɗayanmu akwai masu auna taki da cokali, su narka shi a ruwa, su shayar da tsiron da ba a ci, ba a jiƙa shi a sha don magani, ba a kuma ba dabba, sai dai a zuba masa ido 'yan kwanaki ya yi yaushi a zubar, abin yakan zo masa banbaraƙwai, wai namiji da suna Hajara.

Mu ma haka ya zo mana, ko da yake a inda muka tashi fure ba baƙo ba ne. Mu 'ya'yan masu lambu ne daga Jos. Iyayenmu suna noman rani a bakin kududdufan da masu haƙar kuza suka bari, suna fitar da kabeji da latas da karas da koren wake, ana lodawa a mota zuwa Abuja da Legas da Fatakwal. Garin yana bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200 daga doron teku, don haka abubuwan da zafi ke kashewa a wasu wurare sukan rayu a wajenmu, tun daga dankalin Turawa har zuwa furen wardi. Amma shi wannan fure da za mu yi magana a kansa ba mu taɓa ganinsa ba sai wata shekara cikin watan Oktoba, da wata Hajiya mai ƙawata wuraren biki a Abuja ta zo lambun mahaifinmu da wata 'yar jakar takarda. Ta ce furen da take saya daga waje ya fi ƙarfinta, tana so a gwada mata shi a gida. Muna hutu a lokacin, kuma mu ne muke iya karanta takardar da ta zo da jakar, sai aikin ya faɗo kanmu.

Abin da ke cikin jakar ba ya ba mutum sha'awa. Wasu busassun saiwoyi ne launin ƙasa, kowace ba ta fi kan babban yatsa ba, da 'yan yatsu a haɗe kamar ƙafar kaza da ta kwana a rana. Sunan tsiron a wajen masana ranunkulus, kuma kalmar daga Latin take, ma'anarta ɗan kwaɗo, domin da yawa daga danginsa na daji a wuri mai damshi suke fitowa. Ga abin dariya: a Latin "rana" ita ce kwaɗo, a Hausa kuwa rana ita ce babbar abokiyar gabar wannan fure. Turawan Ingila suna kiran dangin da sunan da ke nufin kofin man shanu, saboda na dajin rawaya ne mai sheƙi kamar an shafa masa mai. Wanda ake nomawa don ado asalinsa gabashin Bahar Rum ne, wato tsibiran Kirit da Kubrus da ƙasashen Sham da Turkiyya har zuwa Iran. Na dajin falle biyar gare shi. Na lambu kuwa, bayan ɗaruruwan shekaru ana zaɓen iri, wani yakan yi falle fiye da 100, sirara kamar takardar sigari, a naɗe ɗaya bisa ɗaya kamar rawanin hakimi. Akwai fari, da ja, da rawaya, da ruwan goro, da ruwan hoda. Ƙamshi ba shi da wani na a zo a gani. Dabba kuma ba ta kiwonsa, domin ruwan ɗanyen ganyensa yana da dafin da ke sa baki ya yi bororo.

Tarihinsa ma na sarakuna ne. Wani masanin tsirrai Bafaranshe mai suna Tournefort, wanda ya zaga ƙasashen Turkawa tsakanin 1700 da 1702, ya ba da labarin cewa wazirin Daular Usmaniyya ta Turkawa, Kara Mustafa, shi ya ɗaukaka wannan fure don ya samar wa Sarki Muhammadu na Huɗu abin ɗebe kewa, har ya sa gwamnoni su aiko da saiwa da iri mafi kyau daga yankunansu zuwa lambunan fada a Santambul. Wazirin nan shi ne ya kai yaƙi birnin Biyanna a 1683 bai yi nasara ba, aka kashe shi a ƙarshen shekarar. Furen ya fi shi tsawon rai. Ya shiga lambunan Turai, kafin ƙarshen ƙarni na 18 masu sayar da iri a Ingila suna lissafa kala-kalarsa da ɗaruruwa. A yau garin Sanremo na Italiya yana cikin manyan wuraren da ake fitar da sababbin irinsa, a Kalsbad ta jihar Kalifoniya kuma akwai gona mai faɗin kimanin eka 50 da mutane ke biyan kuɗi daga watan Maris zuwa farkon Mayu don kawai su shiga su gan shi.

Wanda zai ba tsiro taki dole ya fara sanin kalandarsa. A ƙasarsa ta asali ruwan sama da sanyi tare suke zuwa, rani kuma zafi ne da fari. Don haka shi wannan tsiro yakan farka in sanyi ya shigo da ruwa, ya yi ganye, ya yi fure kimanin kwana 90 bayan shuka, ya ci gaba da yi mako 4 zuwa 6, da zarar zafi ya kama sai ganye ya bushe, rai ya koma cikin saiwa ya kwanta har wata shekara. A wajenmu abin a juye yake, ruwa da ɗumi su ne tare, sanyi kuma da ƙura. Ke nan babu wata dama sai ta hunturu, da ban-ruwa, da zana a tare masa ranar yamma. Muka jiƙa saiwoyin sa'a 3 zuwa 4 har suka kumbura, muka ajiye su cikin damshin yashi a ƙasan firiji kusan mako biyu har farin gashi ya fito musu, sannan muka dasa a fangali huɗu, yatsu suna kallon ƙasa, zurfin santimita 5, tazarar kamu guda.

A nan ne Baba ya yi magana. Ya daɗe yana kallonmu bai ce uffan ba, sai ranar da ya ga mun nufi ɗakin da yake ajiye buhunan taki.

"Ku yara, ina za ku da kamfata?"

Muka ce, "Baba, furen Hajiya za mu ɗan sa wa."

Ya ce, "Kabejin can da kuke gani shi ya biya kuɗin makarantarku bara. Buhun nan sai da na sayar da tunkiya na cika kuɗinsa. Yanzu ku faɗa mini, wanne ne a cikinsu zai ci da rabon wani?"

Tambayar ba ta wasa ba ce, kuma ba mu da amsarta a ranar. Wanda bai taɓa tsayawa a layin taki ba zai ɗauka rowa ce irin ta tsofaffi. Amma a 2022, bayan yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke, mun ga manoma da suka rage gonar masara suka koma waken soya da dawa don ba su iya sayen buhu. Tun a 2006 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ɗaga yawan takin da ake sawa a kowace hekta daga kilo 8 zuwa kilo 50 kafin 2015, shekarar ta zo ta wuce ba a kai ba. A ƙasar da hatsi bai ƙoshi ba, mai neman taki don fure dole ya yi bayani.

Bayanin da muka samu ya zo ne daga shi kansa tsiron, domin ashe ba mai ci da yawa ba ne, mai tsirfa ne kawai. Abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, makonnin farko ba ya buƙatar komai daga hannun kowa. Guzurinsa yana cikin saiwa, da shi yake fitar da jijiya da ganyen fari. Wanda ya zuba masa takin zamani a wannan lokaci ya yi asara biyu, takin ya bi ruwa, sababbin jijiyoyin kuma sun ƙone. Abin da ake yi tun kafin dasawa shi ne gyaran ƙasa. Yana son turɓaya mai shan ruwa ta sake shi, domin in ruwa ya kwanta kwana biyu saiwar ta ruɓe ke nan. Sai a gauraya ta da takin shanu wanda ya shekara ya zama baƙi, ba ya wari, ba ya ɗumi in an tura hannu. Ɗanyen kashin kaji, wanda masu lambu ke so don ƙarfinsa, a nan guba ne. A cikin wannan gyara ne ake barbaɗa 'yar sufa a cakuɗa ta da ƙasa, saboda fosfaras ba ya tafiya cikin ƙasa kamar sauran, inda aka ajiye shi nan yake zama, sai jijiya ta je ta same shi. Masu lambun Turai garin ƙashi suke sawa don wannan buƙata.

Su waɗannan lambobi uku da ke jikin buhu, da yawa daga cikinmu mun girma muna ganinsu ba mu tambaya ba. In an rubuta 15:15:15 a buhun kamfa, ana nufin kashi 15 cikin 100 naitirojin ne, 15 fosfaras, 15 fotash. Yuriya kuwa naitirojin ce zalla, kashi 46 cikin 100, wato buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23, alhali na kamfa kilo 7 da rabi ne. Naitirojin shi ke yin ganye. Fosfaras na jijiya ne da ƙullin fure. Fotash shi ke ƙarfafa kara, ya daidaita ruwa a jikin tsiro, ya taimake shi jure cuta. Mai kabeji da latas ganye yake sayarwa, don haka yuriya ƙawarsa ce, hannunsa kuma ya saba da damƙa. To a nan ne hannun mai lambu yake iya cutar da furen da kyakkyawar niyya. In naitirojin ya yi yawa sai tsiron ya yi ganye shar, kore har da baƙi-baƙi, wanda ya gani daga nesa ya ce madalla. Amma furen zai yi jinkiri, ya yi kaɗan. Karan, wanda dama rami ne a cikinsa, zai yi tsawo ya yi laushi, ranar da kan furen ya buɗe ya yi nauyi sai ya lanƙwashe. Ganyen mai ruwa-ruwa kuma shi darɓa ke so, shi kuma farar fumfuna ke hawa. Ke nan mutum ya kashe kuɗi ya sayi ciyawa.

Ga kuma maganar gishiri, wadda ita ce ta fi wuyar shiga kai. Yawancin takin zamani gishiri ne a wajen masana. Mai girki ta san abin da ke faruwa in ta barbaɗa gishiri a yankakkiyar albasa, ruwa ne ke fitowa. Haka jijiya take: in ruwan da ke kewaye da ita ya fi na cikinta gishiri, maimakon ta sha sai a sha ta. Jijiyar ranunkulus siririya ce, ba ta jure wannan. Alamar ita ce bakin ganye ya ƙone kamar an gifta shi a wuta, tsiro ya yi yaushi alhali ƙasa a jiƙe take. Hunturu kuma yana ƙara dagula lamarin, domin iska tana kwashe ruwa ta bar gishirin a sama, har a ga fari-fari a bakin fangali. Saboda haka ƙa'idar ita ce kaɗan-kaɗan, a kai a kai, kuma kada a taɓa ba shi taki ƙasa tana bushe. A fara shayar da shi ruwa tsurarsa, sannan a bi da na taki a gindi, ba a kan ganye ba. Lokaci-lokaci kuma a yi masa ban-ruwa mai yawa don a wanke abin da ya taru.

Ma'aunin da muka tsaya a kai shi ne cokalin cin abinci guda na kamfa, a jiƙa ya kwana, a tace, a zuba a garwar ruwa. Garwa biyu ga kowane fangali, sau ɗaya a mako biyu, tun daga ranar da ganye na gaskiya ya kai huɗu ko biyar. Da muka yi lissafi a gaban Baba, cokali 8 sau 6, duka-duka takin kakar bai kai kilo 1 ba. Malaman gona kuwa sukan ba mai masara shawarar kimanin buhu 8 na kamfa da buhu 2 ko 3 na yuriya a hekta guda. Baba ya yi shiru, sannan ya ce, "To ai wannan ko abin da ke zubewa a gindin buhu ya ishe ku." Bai ce ya yarda ba. Amma daga ranar ya daina rufe ɗakin.

Bai kamata mu yi wa mai karatu wayo da wannan lissafi ba. Fangali huɗu ba gona ba ce, kuma in aka faɗaɗa su suka zama hekta cokulan za su zama buhuna. Takin shanun da muka kwasa ma wani fangalin albasa aka hana. Ruwa da lokaci su ma ba kyauta ba ne. Iyaka dai lissafin ya mayar da tambayar Baba daidai girmanta.

Da kan furen ya fara leƙowa daga tsakiyar ganye, ƙulli-ƙulli kamar 'ya'yan gauta, buƙatar ta sauya. A nan ake rage naitirojin a ƙara fotash. Manyan masu noma a ƙasashen waje suna da takin ruwa da aka haɗa don haka, irin wanda ake ba tumatir in ya fara 'ya'ya. Mu ba mu da shi, kuma a nan ne ilimin Baba ya fi na takardar Hajiya amfani. Masu lambun Jos sun daɗe suna sayen tokar bola suna zubawa a fangali, domin toka tana da fotash, tana kuma rage tsamin ƙasa, ƙasar tudun nan kuwa tsami gare ta. Baba ya hana mu tokar bola, ya ce ba a san abin da aka ƙona a ciki ba, daga batir har leda. Ya sa aka tara mana tokar murhun gida, aka tankaɗe, ya nuna mana yadda za a barbaɗa ɗan kaɗan a kewayen gindi, tazarar yatsa uku daga kara, a bi da ruwa. Ya ce kada a haɗa ta da takin zamani rana ɗaya, ƙarfin takin yana tashi sama. Daga baya muka gane gaskiyarsa a littafi: toka in ta haɗu da takin da ke ɗauke da amoniya, naitirojin ɗin yakan zama iska ya gudu. Shi bai san sunan amoniya ba, hancinsa ne ya gaya masa shekaru da yawa da suka wuce. Toka in ta yi yawa ita ma matsala ce, domin tsiron ya fi son ƙasa mai ɗan tsami kaɗan, in tsamin ya tafi gaba ɗaya sai sababbin ganye su yi rawaya.

Wani abu ya ba mu mamaki da muka ɗaga kai daga fangali muka dubi ƙasa baki ɗaya. Naitirojin, wanda furen ba ya so da yawa, shi ne muke da shi a wadace. Tun da Fritz Haber ya nuna a 1909 cewa ana iya kamo shi daga iska, Carl Bosch kuma ya mayar da abin masana'anta a 1913, duk ƙasar da ke da iskar gas tana iya yin yuriya. Nijeriya tana da masana'antu a Onne da Eleme, ga kuma ta Dangote a Lekki da aka buɗe a 2022 mai iya fitar da tan miliyan 3 a shekara, har ana kai wa ƙasashen waje. Amma fotash haƙo shi ake yi daga ƙarƙashin ƙasa, mafi yawansa a Kanada da Rasha da Belarus, fosfaras kuma daga Maroko muke sayo mafi yawa. Wato abin da ke yin ganye namu ne, abin da ke riƙe kara da cika tsaba sai an sayo da dala. Wannan ba matsalar mai fure kaɗai ba ce. Mai masara da ya kasa sayen kamfa ya zuba yuriya zalla yana samun irin abin da muka faɗa, kore mai daɗin kallo da kara mai faɗuwa in iska ta taso.

Wani masanin halayyar al'umma ɗan Ingila, Jack Goody, wanda ya daɗe yana bincike a arewacin Gana, ya wallafa littafi a 1993 a kan al'adar fure a duniya, ya buɗe shi da tambayar dalilin da ya sa fure ba shi da babban matsayi a al'adun Afirka ta kudu da Sahara. Tambayar tana da ɗaci, amma ba mu ga amfanin musanta ta da ƙarfi ba. Bahaushe ya san fure sarai, sai dai ya san shi a matsayin alkawari. Hudar wake albishir ce ta wake. Furen zogale a kwaɗo yake ƙarewa, zoɓorodo a kofi. Adonmu ya tafi ga aska takwas a gaban riga, da zanen ƙwarya, da zayyanar bango, da lalle a tafin amarya, abubuwan da ba sa yaushi a mako guda. Ko a magana, in Bahaushe ya haɗa fure da taki zargi yake yi: furen juji yake ce wa kyan da ba shi da asali. Mun daɗe muna jin wannan magana, sai a bakin fangali muka lura cewa duk fure na juji ne, bambancin kawai ko jujin ya ruɓe da kyau ko bai ruɓe ba. A namu ra'ayi, al'ummar da take ba doki dawa da kanwa don ya yi ƙyalli ranar hawan salla ba za ta ce ba ta san ciyar da abin kallo ba. Sabo ne kawai ba a yi da wannan ba.

Furen ya buɗe a tsakiyar Janairu. Ba za mu yi ƙarya mu ce ya kai na hoton da ke jikin jakar ba. Karansa gajere ne, da ƙyar ya kai kamu da rabi, kan furen kuma bai kai faɗin bakin kofin shayi ba. Amma fallen nan suna nan, a naɗe, ba a iya ƙirga su. Akan yanke shi da sassafe lokacin da ƙullin ya yi laushi bai gama buɗewa ba, a tsoma a ruwa, ya yi mako guda ko kwana 10 yana buɗewa a hankali. Yankan ma yana sa tsiron ya sake turo wani, muddin ana ci gaba da ɗan ba shi abinci. Matan da ke zuwa sarin latas suka riƙa tsayawa suna tambaya ko na roba ne. Hajiya ta aiko mota sau uku.

Ba a yi na huɗu ba. Masana aikin gona suna da wata ƙa'ida da ake jingina wa Justus von Liebig tun wajen 1840, cewa amfanin gona ba ya bin abin da ya fi yawa, abin da ya fi ƙaranci yake bi. Garwa mai huda a tsakiya, ko kogi aka juye mata, ruwanta ba zai wuce hudar ba. Mu hudar garwarmu ba naitirojin ba ce, ba fotash ba ce, sanyi ne, shi kuwa ba a sayar da shi a buhu. Wannan tsiro ya fi jin daɗi in rana ba ta wuce digiri 18 ba, Jos kuwa ko a tsakiyar hunturu dare ne ke sanyi, rana takan haura 25. Da Fabrairu ta raba, hazo ya janye, sai muka ga sababbin ƙulli suna fitowa ƙanana, wasu su bushe kafin su buɗe, ganyen ƙasa ya soma rawaya. Mai lambu in ya ga rawaya hannunsa yuriya yake nema. Baba ne ya ce a bari. "Wannan ba yunwa ba ce," in ji shi, "barci yake ji."

Akwai sauran aiki ɗaya, kuma shi ne wanda masu gaggawa ke tsallakewa. Bayan fure ya ƙare, muddin ganye yana da sauran kore, tsiron yana mayar da abinci cikin saiwa, yana kuma haifar sababbi a gefenta. Don haka ba a yanke ganyen, akan ƙara masa ɗan ruwan taki marar ƙarfi sau ɗaya, sannan a tsayar da taki gaba ɗaya, a riƙa rage ruwa har ganyen ya bushe da kansa. A ƙasarsu ana iya barin saiwar a ƙasa ta yi rani, amma a wajenmu ruwan Afrilu zai same ta ya ruɓar. Muka tone su a farkon Maris. Waɗanda suka fi samun inuwar zana sun ninka, ɗaya ta zama biyu ko uku, waɗanda ke bakin rana kuwa sun fito a ƙanƙance fiye da yadda suka shiga. Muka shanya su a inuwa mako guda, muka zuba a tukunyar ƙasa da busasshen yashi.

Kuɗin da Hajiya ta biya ya sayi buhun kamfa guda da ɗan canji. Baba ya karɓi buhun ya kai ɗaki, fangalan huɗu kuma ya sa aka dasa musu albasa tun ƙasar tana da sauran ƙarfi. Tukunyar ya ce a ajiye ta a ƙarƙashin gadonsa, wai nan ya fi ko'ina sanyi a gidan, kuma ɓera ba ya zuwa. Da za mu koma makaranta ya tambaye mu ko akwai wanda muka sani a wajen Bokkos, inda ƙasa ta fi tudu, da zai ba da aron fangali biyu a watan Oktoba.